Kundin aikin naɗar kare-karen Firisanci

7 ga Oktoba, 2024

Yau aka sa hannu a kan tsarin aikin, shi ya sa na buɗe wannan kundi. Mu uku ne a ciki: malamar da ke jagorancin binciken, da wani ɗalibi ɗan lardin Fryslân wanda da Firisanci aka rene shi, sai ni da aka damƙa wa awon sauti da tsara ma'ajiya. Nauyin da muka ɗauka shi ne mu naɗi maganar dattawa da ta jikokinsu a yankuna uku na lardin Fryslân da ke arewacin Holan, mu auna wasulansu, sannan mu adana komai yadda mai bincike zai buɗe bayan shekara 50 ya gane abin da yake saurare.

Firisanci ɗan'uwan Ingilishi ne na kusa, kuma yau ya rabu gida uku, waɗanda in sun haɗu da ƙyar suke jin juna. Na yamma shi ne na nan Holan. Masu shi sun haura dubu 400, yana da rediyo da talabijin na Omrop Fryslân, kuma tun 1980 dole ne a koyar da shi a firamaren lardin. Na arewa yana gaɓar tekun jihar Schleswig-Holstein ta Jamus da tsibiran Sylt da Föhr da Amrum da Helgoland, a bakin mutum dubu 8 zuwa 10. Na uku shi ne na Saterland, shi ma a Jamus, wajen mutum dubu 2.

Wanda ya ji dubu 400 zai ce ai na yamma ba shi da damuwa. Daidaitaccen harshen kam yana tsaye da ƙafarsa. Cibiyar Fryske Akademy da aka kafa a Leeuwarden a 1938 ta kammala masa ƙamus mai juzu'i 25 a 2011. Ƙananan kare-karen da ke gefe su ne ke zubewa, su ne kuma abin nemanmu. Mun zaɓi garin Hindeloopen, da ƙauyukan kusurwar kudu maso yamma, da yankin Wâlden na gabas don a samu abin gwadawa.

21 ga Oktoba

Kayan aiki sun iso: rikoda biyu da makirufo na ɗaurawa a ka, wanda ke tsayawa kusa da baki ko mai magana ya juya. Za mu riƙa ɗauka a fayil ɗin WAV, kilohaz 48 (wato awon sauti sau dubu 48 a daƙiƙa), bit 24. Ban da MP3, domin yana zubar da wani ɓangare na sautin don fayil ya yi sauƙi, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Kowane zama kashi uku ne: karanta jerin kalmomi, faɗin sunayen abubuwan da ke cikin hotuna, sai hira ta sakin jiki.

5 ga Nuwamba

Hindeloopen. Jirgin ƙasan Leeuwarden zuwa Stavoren yana ajiye mutum a tsakiyar filayen kiwo, sai ya taka da ƙafa zuwa gari, iskar tafkin IJsselmeer tana dukan fuskarsa. Garin bai kai mutum dubu ba, amma yana cikin tsofaffin birane 11 na Firisawa. A ƙarni na 17 da na 18 mazajensa matuƙan jiragen ruwa ne, suna yi wa attajiran Amsterdam jigila zuwa Norwe da ƙasashen tekun Baltik. Fuskarsu na kallon teku, ƙeyarsu na kallon maƙwabtansu manoma, don haka sauye-sauyen da suka ratsa Firisancin tudu da yawa ba su shigo nan ba. Da aka rufe madatsar Afsluitdijk a 1932 tekun ya koma tafki, tsohuwar sana'ar kamun kifi ta durƙushe. Karin nasu, Hylpersk, yanzu 'yan ɗaruruwa ne ke yin sa.

Dattijuwar da muka fara da ita ta haura tamanin. Kafin a kunna komai sai da ta ba mu kofi, sannan muka roƙi a tsayar da agogon bango a cire filogin firji, don makirufo ba ya bambanta muryar mutum da gurnanin inji. Ta ɗauki takardar kalmomi ta gyara tabarau, ta gyara zama. Da ta zo kan âld, wato tsoho, ta furta shi yadda ake ji a rediyo, harafin l a rubuce kawai, babu shi a baki. Ana cikin haka maƙwabciyarta ta leƙo. Muka nemi izininta rikoda ta ci gaba da aiki, ta ce babu komai. Suka shiga maganar wani tsohon gida da aka sayar wa baƙi, sai ga kalmar nan ta fito da dogon a, da l ɗinta raɗau, aald, yadda mutanen garin ke faɗa. Mace ɗaya, kujera ɗaya, tsakanin furucin biyu bai fi minti goma ba.

Na san wannan hali tun daga gida. Basakkwace in aka miƙa masa makirufon gidan rediyo yakan jingine Sakkwatancinsa ya ari bakin Kano, yana komawa zaure kuma ya koma nasa. Ba ƙarya ya yi a ko'ina ba. Duka biyun nasa ne. Amma mai binciken da ya adana na farko kaɗai ya liƙa masa sunan karin garin, ya yaudari na baya.

A jirgi muka yanke shawara biyu. Jerin kalmomi yana nan, domin tazarar da ke tsakaninsa da hira ita kanta abin awo ce. Hirar kuwa ɗan gari ne zai riƙa jan ta, mu koma gefe da na'urarmu mu yi shiru.

26 ga Nuwamba

Makon nan duk a kan abin da masanan Firisanci ke kira brekking ya tafi, karyewar wasali. Ƙafa ɗaya ita ce foet: wasalin yana farawa da u mai ƙarfi ya zame zuwa wani raunannen sauti. Ƙafafu kuwa fuotten ne, inda u ɗin ya ƙanƙance ya zama w, ƙarfin ya koma kan o na bayansa. Haka ƙofa, doar, take komawa doarren, ana jin dwa a farkonta alhali rubutun bai nuna ba. Bishiya ma, beam, jam'inta beammen yana farawa da bye. Wannan yana cikin abubuwan da suka fi wahalar da mai koyon harshen, kuma shi ne ya raba kusurwar kudu maso yamma da sauran lardin, domin can karyewar mai w ba ta kama ba.

Kunne yana jin bambancin, amma kunne ba ya ba da lamba. Ina buɗe kowace kalma a Praat, manhajar da Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam. Tana shimfiɗa sauti a allo kamar zane, wasali ya bayyana da baƙaƙen layuka a kwance. Na ƙasa, F1, yana hawa in baki ya buɗe harshe ya sauka. Na samansa, F2, yana hawa in harshe ya matso gaba. In aka auna tsakiyar wasalin kawai, kamar yadda akan yi wa wasali tilo, foet da fuotten za su iya fitowa kusa da juna a takarda. Labarin yana cikin tafiyar layin daga farko zuwa ƙarshe, da inda ƙarfin murya ya fi taruwa. Don haka ina ɗaukar awo a wurare da dama a tsawon kowane wasali.

Akwai kuma batun girman maƙogwaro. Lambobin mace sukan fi na namiji ko da wasali ɗaya suka furta, sai an daidaita su kafin a gwada. Muna bin hanyar Lobanov, muna zana taswirar wasulan da Visible Vowels, wadda Wilbert Heeringa da Hans Van de Velde suka gina a Fryske Akademy.

Dattawan kudu maso yamma da na auna zuwa yanzu babu w a ƙafafunsu. Matasan sun cakuɗa. Ya yi wuri a ce ga dalili.

10 ga Disamba

Ƙarfe huɗu da rabi duhu ya rufa. An ɗage zama saboda mura ta kwantar da dattijon da za mu gani. Na yi amfani da lokacin na faɗaɗa takardar bayanan da ke raka kowane fayil. Bayan shekarar haihuwa da sana'a da garin uwa da na uba, yanzu akwai gurbin wanda ya ja hirar, da harshen da ya yi amfani da shi, da duk wanda yake ɗakin ko bai ce uffan ba.

14 ga Janairu, 2025

Wasu iyali sun kawo mana kwali cike da kaset. Mahaifinsu, marigayi malamin makaranta, yakan ɗauki rikoda ya zaga gidajen tsofaffin Hindeloopen a shekarun 1970 da 1980. Wasu daga cikin masu maganar an haife su kafin 1900, sun girma tun teku yana teku.

Kaset da ya shekara 40 a saman rufi sai da lallaɓa. Ɗan audugar da ke danne zare a jikin kan na'ura ya ɓanɓare a da yawa daga cikinsu, dole a kwance gidan a mayar da zaren cikin sabo. Kowanne kuma sai an juya ɗan sukurun da ke daidaita kan na'urar har sautin s ya fito tas, domin rikodar marigayin ba a miƙe take ba. Ana juye su zuwa kwamfuta a kilohaz 96.

Abin da ya fi damuna gudun zare ne. In rikodar da aka ɗauka da ita ta yi nawa ko ta yi sauri, duk lambobin wasulan sun goce, mutum ya ɗauka ya gano canjin harshe alhali injin ne ya gaji. A nan wani abu da kowa ke ƙi ya yi rana. Inda marigayin ya jona rikodarsa da wutar gida, wani siririn gurnani ya shiga zaren, kuma wutar Turai sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa. In na ga gurnanin a 52, na san zaren yana gudu da ƙarin kashi 4 cikin 100, sai in gyara. Wanda ya goge wannan ƙara don faifan ya yi daɗin ji, ya goge ma'auninsa da hannunsa. Saboda haka kwafi biyu muke ajiyewa: ɗanye da ba a taɓa ba, da wankakke don masu sauraro.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Rabin kaset ɗin babu suna a jiki, wasu suna ɗaya ne da fensir, ba shekara. Muryar da ba a san mai ita ba, ba a san unguwarsa ko wanda yake wa magana ba, ba ta amsa tambayar komai.

28 ga Janairu

Mun yanko gajerun gutsattsari daga kaset marasa suna muka kai wa dattawan garin inda suke taruwa shan kofi. Ban taɓa ganin aiki ya yi sauri haka ba. Murya ba ta gama jimla ba wani ya buga tebur ya ambaci sunan mai ita da laƙabinsa, wata ta ce ƙarya ne, ƙaninsa ne, shi wancan ba ya jan magana haka. Suka yi ta musu har wani tari da aka ji a bayan faifan ya raba gardama, don kowa ya san tarin matar ƙanin. Muna rubuta sunan da suka haɗu a kai, da sunan da aka yi saɓani, da waɗanda suka ba da shaida.

Mafi ƙanƙantarsu ya haura saba'in. Na gaya wa malama a ganina wannan aikin ya kamata ya sha gaban awon wasali, tunda fayil zai jira mu, su kuwa sai yadda Allah ya yi. Ta yarda. Mun sauya jadawalin wata biyu masu zuwa.

11 ga Fabrairu

Rubuta hirarraki a ELAN, manhajar cibiyar Max Planck ta Nijmegen, yana cin lokaci: minti ɗaya na hira yakan cinye kusan awa in ana son a yi shi da kyau. Mun gwada wata manhaja mai yanka magana sauti-sauti da kanta. Ƙamus ɗin furucin da ke cikinta na daidaitaccen harshe ne, don haka duk inda dattijuwarmu ta ce aald sai ta haɗiye l ɗin ta ƙara wa wasalin tsawo. Daidai abin da muka zo nema shi take shafewa. Abokin aikina ya zauna yana rubuta mata ƙamus na Hylpersk kalma-kalma, ni kuma ina bin iyakokin da ta yanka da hannu.

Ga kuma shigar Holanci. Kusan babu Bafirishen da ba ya jin sa, kuma a jimla ɗaya sai a tsallaka a dawo. Masu aikin FAME!, haɗin gwiwar Jami'ar Radboud da Fryske Akademy da Omrop Fryslân, sun gamu da wannan lokacin da suka rubuta awa 18.5 na tsofaffin shirye-shiryen rediyo don koya wa kwamfuta jin harsunan biyu. Mun bi sawunsu muna sa wa kowane yanki alamar harshensa. Namu ya fi rikici, don uku ne: karin gari, daidaitaccen Firisanci, Holanci. Akwai kalmomin da mu ukun muka saurara muka kasa daidaitawa, muka bar su da alamar shakka.

25 ga Fabrairu

Wâlden, gida ɗaya zuriya uku. Jikar ce ta ja hirar, 'yar shekara ashirin da 'yan kai. Ba ta ce wa kakanta kai. Pake take cewa, wato kaka namiji, tana magana da shi kamar tana maganar wani: ko pake ya tuna lokacin da ake yankan ciyawa da hannu? Haka ladabin gidajen Firisawa yake ga iyaye da kakanni. Tsohon ya saki jiki har ya manta da abin da ke ɗaure a kansa.

A nan ƙananan kalmomi irin su my da dy da wy da i ake furta su, yankin Klaai na arewa maso yamma kuwa da ei. Duka ukun sun riƙe wannan, har jikar. Abin da ya canza a bakinta kalmomi ne da ginin jimla, inda Holanci ya fi shiga.

Gwada kaka da jika yana nuna alamar canji ne kawai, don mutum kansa yana sauya magana in ya manyanta. Hujja mai ƙarfi sai an koma wuri ɗaya bayan shekaru, kamar yadda aka yi a taskar muryoyin yankin Boarnsterhim na wannan lardi: an naɗi iyalai daga 1982 zuwa 1984 ƙarƙashin Tony Feitsma, aka sake komawa daga 2017 zuwa 2019. Kaset ɗin marigayin malami su ne za su ba mu irin wannan dama a Hindeloopen, in an gama gano masu muryoyin.

18 ga Maris

Mun tsallaka Jamus don ganin yadda ake yi a Saterland. Fadamu ne suka kewaye yankin, har cikin ƙarni na 19 ta kogi aka fi shigarsa, shi ya sa harshen ya tsira a nan bayan ya mutu a sauran gabashin ƙasar Firisawa. Na tsibirin Wangerooge ya ƙare a 1950 da rasuwar masu shi na ƙarshe a garin Varel, inda ambaliyar 1855 ta kora mutanen tsibirin.

Ƙauyuka uku ne ke da karin kansu, Ramsloh da Scharrel da Strücklingen, kuma masu bincike na Jami'ar Oldenburg sun auna wasulan kowanne daban. Sun fi mu wahala: i kaɗai iri uku ne, gajere sakakke, gajere ɗaurarre, da dogo, kuma dattawan harshe uku suke yi, nasu da Jamusancin ƙasa-ƙasa na arewacin Jamus da daidaitaccen Jamusanci. Duk gidan da muka shiga sai an ambaci Marron Fort, baƙar fata haifaffen Boston wanda ya yi musu ƙamus, ya rasu a 2019. Da suka gan ni, ta nan hira take farawa.

Dabara ɗaya na ɗauko: a sa mai magana ya fara faɗin kalmar da ya sani, sannan ya ɗora wasalinta cikin gurbi ɗaya da ba ya canzawa, don baƙaƙen gefe kada su ja awon.

8 ga Afrilu

Dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Mayun 2018, tana ɗaukar murya a matsayin bayanin mai ita. Takardar izininmu mataki uku ce: a buɗe wa kowa, a buɗe wa masu bincike kawai, ko a rufe zuwa wani lokaci. Mai murya yana iya janyewa.

Matsalar ita ce hirar da ta fi kyau ita ta fi tsegumi. Inda karin ya fito tsantsa, a nan ake faɗin wanda ya ci bashi bai biya ba da wadda aurenta ya mutu, kuma a garin da bai kai mutum dubu ba goge suna ba ya ɓoye kowa. Irin waɗannan wurare mun sa su a mataki na biyu. Na tsofaffin kaset kuwa masu su sun rasu ba su sa hannu a komai ba, sai mun bi 'ya'ya da jikoki gida-gida. Gida ɗaya sun ce a rufe, mun rufe.

6 ga Mayu

An ba mu shawara mu tura masu maganarmu su karanta jimloli a Common Voice na Mozilla, shafin da masu sa kai ke naɗar muryarsu don koya wa kwamfuta jin magana, inda Firisanci yake da sashe, Hausa ma haka. Aiki ne mai amfani ga mai son waya ta ji harshensa, kuma na ce duk mai sha'awa ya yi. Amma jimla ce a rubuce ake karanta wa na'ura, mutum shi kaɗai. Abin da zai fito shi ne bakin takarda, irin wanda muka ji kafin maƙwabciya ta leƙo. Ba zai maye gurbin zaman hira ba, don haka ba mu sa shi a lissafin aikinmu ba.

27 ga Mayu

Kashin farko ya shirya don miƙawa ma'ajiya: fayilolin sauti, rubutun ELAN, awon Praat, da bayanan kowane zama a tsarin CMDI da ma'ajiyoyin CLARIN, haɗakar taskokin harshe ta Turai, ke karɓa. Kwafi uku ne a wurare daban-daban, kowane fayil da lambar tantancewa da za ta nuna in ya lalace. Kowane gida da aka naɗa zai karɓi nasa kwafin.

Da sauran rina a kaba. Awon kudu maso yamma bai kai rabi ba, ƙamus ɗin Hylpersk na manhajar yanka yana harafin m, kuma akwai kaset da har yau ba a gano masu su ba. An ce wata dattijuwa da ta koma gidan kula da tsofaffi a garin Sneek ta yi aiki a shagon garin tun tana budurwa, babu muryar da ba ta sani ba. 'Yarta ta ba mu safiyar 3 ga Yuni, ta ce mu zo da lasifika mai ƙarfi don kunnen ya yi nauyi.